Musk Ya Ƙirƙira Ne Ko Saye Ya Yi?

Sadiq Injiniya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni fa na gaji da ku. Kullum sai na kawo labarin kimiyya da fasaha, ko uffan babu mai cewa. Amma jiya da aka sa hoton bikin wata jarumar fim, kafin la'asar sharhi ya cika zaure, har da masu tambayar kuɗin leshi. To ga shi na sake kawowa, mai karantawa ya karanta. Ranar 13 ga Oktoba 2024 kamfanin SpaceX na Elon Musk ya harba rokar Starship daga Boca Chica a jihar Texas. Gindin rokar, mai tsawon kusan mita 70 da injuna 33, ya rabu da kan rokar a sama, ya juyo da kansa, hasumiyar da aka harba shi daga jikinta ta miƙa hannayen ƙarfe biyu ta cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba. Wato roka ta daina zama abin da za a hau sau ɗaya a yar a teku, kuma kuɗin zuwa sararin samaniya zai karye. Mutum ɗaya ya ƙirƙiro Tesla, kamfanin motocin lantarki, ya ƙirƙiro roka mai dawowa, ya ƙirƙiro Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam. A zamaninmu babu mai ƙirƙira kamar Elon Musk, mu kuma muna nan muna musu a kan leshi.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Injiniya ni ce na tambayi kuɗin leshin, kuma ban ga laifina ba. Leshi dai zan iya saya in ɗaura. Rokar fa?

Habu Farm Centre: Hhhh Anti kin gama da shi tun ba a fara ba.

Malam Bala: Sadiq, na ji daɗin labarin, amma cire kalmar "ƙirƙiro" daga jikin Tesla. Mutum biyu ne suka kafa kamfanin a 2003, Martin Eberhard da Marc Tarpenning. Musk ya shigo a 2004 da jakar kuɗinsa, bai zama shugaban gudanarwa ba sai 2008. Mota mai aiki da lantarki kuwa tana yawo a titunan Turai da Amurka tun kafin 1900. To me ya ƙirƙira a nan?

Sadiq Injiniya: Malam, da girman kujerarka, amma ai a hukumance yana cikin waɗanda suka kafa Tesla. Ko'ina ka duba haka aka rubuta.

Malam Bala: Haka aka rubuta saboda sulhu. Eberhard ya kai ƙara a 2009, aka sasanta, aka yarda mutum biyar su amsa sunan waɗanda suka kafa kamfanin, Musk a cikinsu. Sunan da aka samu a teburin sulhu ba ƙirƙira ba ne. Kuma kai ba "kafa" ka ce ba, "ƙirƙiro" ka ce. Tun kana aji ina hana ka wannan gaggawar.

Habu Farm Centre: Malam ni ina da ja. Idan Alhaji ya sayi fili, ya biya magina, ya tsaya a kansu har aka yi rufi, me ake cewa a gari? Alhaji ya gina gida. Babu mai cewa birkila ya gina gida, alhali Alhaji ko bulo ɗaya bai ɗauka ba.

Malam Bala: Ana cewa ya gina. Ka taɓa jin an ce Alhaji ya ƙirƙiro bulo?

Habu Farm Centre: To ai duk ɗaya ne Malam.

Malam Bala: Ba ɗaya ba ne.

Ummi: Yaya Sadiq ni tambayata ita ce, injin Merlin da ya ɗaga rokar Falcon 9 ta SpaceX wa ya jagoranci ƙera shi? Tom Mueller. Wa ke riƙe da harkokin SpaceX na yau da gobe tun 2008? Gwynne Shotwell, kuma mace ce. Ban taɓa ganin ka sa hoton ɗayansu a zauren nan ba. Kullum Musk, Musk, kamar shi kaɗai ke ɗaure kusoshi da daddare.

Maman Hanif: Au, mace ce ma ke riƙe da wurin? Shi ya sa ba a faɗa.

Sadiq Injiniya: Anti don Allah kar a mayar da ita maganar maza da mata. Ummi, ki tambayi kanki ina Mueller yake kafin 2002? Yana ƙarƙashin wani kamfani yana karɓar albashi, yana haɗa injin roka a matsayin abin sha'awa bayan an tashi aiki. Wa ya ɗauko shi ya zuba kuɗinsa na PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet? Rokarsu ta farko, Falcon 1, ta faɗi sau uku a jere, kamfanin ya kusa durƙushewa, ta huɗu ta hau a Satumbar 2008. Da wani ne, tun a ta biyu zai kwashe kayansa. Wannan taurin kan ma ƙirƙira ce.

Malam Bala: Yanzu kuma taurin kai ya zama ƙirƙira. Sannu da ƙoƙari. Ka kuma manta da cewa a Disambar wannan shekarar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 ta kai kaya tashar sararin samaniya. Kuɗin harajin Amurkawa ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Saukar roka a tsaye ma an gwada ta tun 1993 da rokar gwaji DC-X, kuma rokar attajirin nan Jeff Bezos ta sauka a Nuwamban 2015, wata guda kafin Falcon 9.

Sadiq Injiniya: Ta Bezos leƙa sama kawai ta yi ta dawo Malam, ba ta kai komai falaki ba. Falcon 9 taurarin ɗan'adam ta kai sannan gindinta ya sauko. Kai ka koya mana bambancin gudun da ake buƙata.

Malam Bala: Wannan na ba ka. Amma kalmar dai ba ta zauna ba.

Alhaji Tasi'u: Salamu alaikum. Na shigo na tarar ana ta yabon Bature. Ku yaran zamani ba ku san naku ba. Ga Ɗangote ɗan Kano ya kafa matatar mai a Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, babu irinta a Afirka. Wannan shi ne abin da talaka zai gani a tankin babur ɗinsa. Roka a cikin miya za a sa ta?

Habu Farm Centre: Ranka ya daɗe, to shi ma Ɗangoten ya ƙirƙiro siminti ne ko fetur? Idan ma'aunin Malam za a bi, shi ma mai saye ne.

Alhaji Tasi'u: Habu ka kiyayi bakinka. Ɗangote sa'anka ne?

Habu Farm Centre: Allah ya huci zuciyarka Alhaji, tambaya ce kawai.

Nura Sakkwato: Kanawa kenan, kowace magana sai kun ja ta zuwa Kano. In dai ƙirƙira ake nema ta gaske, da hannu da ƙwaƙwalwa, ga Jelani Aliyu namu. Shi ya zana fasalin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, motar da aka nuna wa duniya a 2007. Ya dawo gida a 2017 ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Wannan da alƙalaminsa ya yi, ba da cek ba. Amma ba za ku ambace shi ba tunda ba ɗan Kurmi ba ne.

Sadiq Injiniya: Nura, Volt tana da injin fetur a ciki yana taimaka wa batir, ba lantarki zalla ba ce. Kuma zanen jikin mota daban, ƙirƙiro mota daban.

Nura Sakkwato: Ka ji shi! Yanzu ka san akwai "daban" ko? Da Malam ya ce kafa daban ƙirƙira daban ka ƙi. Da aka zo kan Basakkwace sai ma'auni ya fito.

Ummi: Hhhh Yaya Sadiq an kama ka.

Ibro Maraɗi: Barkanku 'yan uwa. Ni abin da ban gane ba, me ya sa Alhaji ya ce masa Bature? A Pretoria aka haife shi a 1971. Ɗan Afirka ne kamar ni da ku, ya kamata mu yi alfahari.

Alhaji Tasi'u: Ɗan Afirka a ina? Yana ɗan shekara 17 ya bar ƙasar ya tafi Kanada, yanzu Ba'amurke ne. Wace masana'anta ya gina a Afirka? Ko a ƙasar da aka haife shi ma Starlink ɗinsa ya sha fama da neman lasisi, saboda dokarsu ta ce sai an ba baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka danne kaso 30 na hannun jari, shi kuma ya ce ba zai yi ba.

Sadiq Injiniya: Amma ranka ya daɗe, Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023. Akwai ƙauyukan da ko sandar sabis babu, yanzu yara na kallon darasi ta intanet. Wannan ba gini ba ne?

Habu Farm Centre: Kasuwa ya gani Injiniya, ba sadaka ya zo yi ba. A Oktoban 2024 ai sun tashi mayar da kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta taka musu burki. Wane ɗan ƙauye ne ke da wannan kuɗin?

Sadiq Injiniya: Habu kai wane ɓangare kake ne wai? Ɗazu kana tare da ni.

Habu Farm Centre: Ina ɓangaren mai gaskiya a kowane minti.

Nura Sakkwato: Ni na ga wani bidiyo da aka ce ubansa mahaƙar zumurrudu gare shi a Zambiya. Ɗan gata ne kawai, da kuɗin gida ya fara.

Ummi: Uban ne ya faɗa, ɗan ya ƙaryata. Bidiyon wa ka gani?

Nura Sakkwato: Wani ne ya turo a wani zaure, zan nemo.

Sadiq Injiniya: Kullum "zan nemo". Hassada ga mai rabo taki ce. Mutum ya cafe roka a sama, ku kuna nan kuna binciken ubansa.

Malam Bala: Shi ya cafe, ko injiniyoyinsa?

Sadiq Injiniya: Malam don Allah.

Maman Hanif: Ni fa abin da na sani game da mutumin nan shi ne ya sayi Twitter ya ɓata ta. Dala biliyan 44 a Oktoban 2022, ya kori ma'aikata rututu, ya cire tsuntsun ya sa mata X. Da can in ka ga shuɗin maki ka san mutumin ne da gaske. Yanzu kowa ya biya kuɗin wata sai ya samu. Ko ita ma ƙirƙiro ta ya yi?

Alhaji Tasi'u: Yawwa Hajiya. Saye ne sana'arsa, mu ma 'yan Kwari mun iya saye.

Habu Farm Centre: Injiniya ma yana da shuɗin makin nan fa. Ko dai ana biyansa ne shi ya sa yake ta kare ubangidansa?

Sadiq Injiniya: Wallahi Habu ka ci mutuncina. Da kuɗina nake biya, ko sisi ba a taɓa ba ni ba. Ku dubi abin da na rubuta tun farko: cewa na yi kuɗin zuwa sararin samaniya zai karye, kuma mun fi kula da fim a kan kimiyya. Mutum ɗaya bai ce komai a kan wannan ba. NigComSat-1, na'urar tauraron ɗan'adam da aka harba mana daga Sin a 2007, ta mutu a 2008, sai da aka sake harba wata a 2011. Idan harbi ya yi araha, ƙasa irin tamu ce za ta fi amfana. Wannan nake so mu tattauna.

Ibro Maraɗi: To amma ba a amsa min ba, ɗan Afirka ne ko ba ɗan Afirka ba ne?

Nura Sakkwato: Ni ma ba a amsa min ba a kan Jelani.

Maman Hanif: Kuma ka daina raina 'yan fim Injiniya. Masu ɗaukar hoto, masu tace bidiyo, masu kwalliya, masu abinci, duk a nan suke ci. Yaran da ke sa shirye-shirye masu dogon zango a YouTube ba fasahar suke amfani da ita ba? Ko sai abu ya yi hayaƙi ya tashi sama?

Sadiq Injiniya: Shi kenan. Daga yau na daina kawo komai zauren nan. Ku ci gaba da leshinku.

Ummi: Haka ka ce wancan karon ma Yaya.

Kawu Lawal, shugaban zaure: Assalamu alaikum. Dare ya yi, bari in taƙaita kamar yadda muka saba. Na bi maganar tun daga farko, kuma abin da ya fito fili shi ne Malam Bala ya kawo hujja da shekaru, an tabbatar Musk bai ƙirƙiro komai ba, ɗan kasuwa ne mai sa'a da ya samu kwangilar gwamnati. An kuma yi ittifaƙi cewa in ana maganar wanda ya amfani talaka, Alhaji Aliko ya yi masa fintinkau, kamar yadda Alhaji Tasi'u ya yi bayani mai gamsarwa. Maganar Maman Hanif a kan 'yan fim tana kan hanya, domin masana'antar nan a Kano take kuma tana ciyar da gidaje. Sadiq yaro ne mai ƙoƙari, sai dai ya rage zafin kai a gaban manya. Habu kuma ya nemi afuwar Alhaji a keɓe.

Malam Bala: Lawal, ban ce bai yi komai ba. SpaceX shi ya kafa ta a 2002, wannan babu musu, kuma na ba Sadiq gaskiya a kan Falcon 9. A kan kalma ɗaya na tsaya.

Nura Sakkwato: Kawu wane ittifaƙi? Yaushe aka yi shi? Kuma ina sunan Jelani a taƙaitawar?

Kawu Lawal, shugaban zaure: Nura an rufe magana. Wanda bai biya kuɗin taron wata ba ya tura kafin Juma'a, sunanka na cikin jerin.