Shin ya dace in ƙara batir a kan solar gidana a Garwa?

Magidanci daga Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da farantan sola huɗu, kowanne mai wat 400, da inbata da aka haɗa da layin kamfanin lantarki, kuma da rana suna rage mini kuɗin wuta sosai. Damuwata ita ce dare, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, domin idan aka ɗauke wuta fanka ba ta juyawa, yara ba sa barci, abin da ke cikin firiji kuma yana lalacewa. Ina da fanka uku, ƙwan fitila shida da firiji ɗaya. Shin sayen batir zai biya mini buƙata, ko kuwa ƙaramin janareta ya fi? Idan batir ne, wane iri?

Mai haɗa sola, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar batir, a duba inbatar da ke gidanka. Wadda aka ƙera don aiki tare da layin kamfani kaɗai tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, ko da rana tana tsaka, domin kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikata ke gyarawa. Irin wannan ba ta karɓar batir, sai an sauya ta da wadda ke haɗa rana, layi da batir a wuri ɗaya, kuma dole kuɗin sauyin ya shiga lissafinka tun farko.

Sai lissafin dare. Fanka uku masu wat 60 idan suka yi awa 10 za su ci kilowat-awa 1.8, wato ma'aunin da mita ke ƙirgawa. Fitilu shida masu wat 10 a awa 5 za su ci 0.3, firiji kuma zai ci ƙasa da 1 kafin gari ya waye. Jimilla kusan 3 ke nan. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2.4 a rubuce, amma rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe, saboda haka za ka buƙaci aƙalla uku. Batirin litiyam guda mai bolt 48 da amfiya 100 yana ɗaukar kusan 5, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da an cutar da shi ba, kuma shi kaɗai ya ishe ka. Farantanka za su iya ba da kimanin 6 a rana mai haske, to amma idan aikin rana ya cinye fiye da rabi, batirin ba zai cika ba sai ka ƙara faranti ko ka cika shi da wutar layi.

Ni litiyam nake ba da shawara a ƙasarmu, kuma zafi ne dalili. Ana auna rayuwar batirin ruwa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Garwa ya yi nisa da digiri 25.

Malama daga Ngawundare

Malam, lissafinka daidai ne, sai dai ina ganin ya kamata a fara da rage abin da dare ke ci kafin a sayi abin da zai ciyar da shi. Idan aka bar firiji ya yi aiki sosai da rana tare da gorunan ruwa a ɗakin ƙanƙararsa, yakan riƙe sanyi na awoyi da yawa matuƙar ba a yawan buɗe shi. Guga da tura ruwa zuwa tanki duka aikin hantsi ne. Akwai kuma fanka masu ƙaramin batir a jikinsu, waɗanda ba su kai rabin wutar fankar silin ba. Gidan da ya yi haka zai iya wadatuwa da batir mai rabin girman da aka ambata. Na san mu nan tudu ne, zafinmu bai kai na kwarin Binuwai ba, don haka Alhaji ne zai auna abin da iyalinsa za su iya jurewa.

Dattijo daga Kusuri

Ɗana, game da janareta, sauƙinsa a ranar saye ne kawai, daga nan sai fetur da baƙin mai da ƙara a kunnen maƙwabta kowane dare, ga hayaƙinsa da ke kisa idan aka kunna shi a rufaffen wuri. Kada kuma ka sa rai yankewar wuta za ta ƙare nan kusa. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya, wato daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Hatta manyan tashoshin sola na Marwa da Gidar an haɗa su da batura, domin buƙatar gari ta fi yawa bayan magariba.

Abin da nake jin tsoro shi ne kasuwa. Ana sabunta tsofaffin batura a sayar da su a matsayin sababbi, kuma lambar da ke jikin akwati ba hujja ba ce. Ka nemi takardar garanti a rubuce, a gwada batirin a gabanka, kada ka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya. Ka ajiye shi a ɗaki mafi sanyi mai shigar iska, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. A lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙura daga farantan da sassafe, domin batirin ruwa da ke daɗewa bai cika ba shi ne ke saurin mutuwa.

Magidanci daga Garwa

Na gode, Baba, na gode Malam da Malama. Na duba takardar inbatar, babu wurin haɗa batir a jikinta. Malam, idan na sauya ta, shin farantan nan huɗu za su yi aiki da sabuwar, ko sai an sake yadda aka jera wayoyinsu?