Me za mu kira "device file" da Hausa?

Jama'a, ina fassara bayani kan yadda ake gina tsarin ARM a cikin kwamfutar x86 (nau'o'in furosesa ne biyu daban) da chroot, mai killace aiki a cikin folda ɗaya, da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wani furosesa, sai na cije a kalma ɗaya: device file, wato abubuwan nan da ke cikin foldar /dev ta Linux, waɗanda manhajoji ke bi su kai ga na'urori kamar diski.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "fayil ɗin na'ura". Na rubuta, na goge. Duk wanda ya ji fayil zai ɗauka wani abu ne aka adana a ciki, alhali ba komai a cikinsa sai nau'insa da lambobi biyu, babba da ƙarama. /dev/null 1 da 3 ne, /dev/zero 1 da 5, /dev/sda 8 da 0. Da waɗannan lambobin kanel, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urori, ke gane inda za a kai ka. Hanyar wucewa ce kawai.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kafar na'ura". Ma'anar ta zauna daram, amma yawancinmu ba ma sa ƙugiya idan muna rubutu a waya, mai karatu zai ɗauka ƙafar takawa ake nufi. Dole na haƙura da ita.

Ni dai na tsaya a kan "mashigar na'ura", jam'inta mashigai.

Ga abin da ya sa na nace. Tun 1979 chroot yake a Unix, kuma aikinsa sauya tushen folda ne, ba ya kawo sabon kanel. QEMU ɗin da ake haɗawa da binfmt_misc (sashen kanel da ke tura masa manhajojin ARM) ma umarnin ARM kawai yake juyawa, ya miƙa buƙatun ga kanel ɗin kwamfutarka. Saboda haka ko ka ƙirƙiri mashigai a cikin chroot da umarnin mknod, ko ka aro na kwamfutarka da umarnin mount --bind /dev, diskinka na ainihi suke kaiwa. Wanda ya aro su, ya gama aiki ya share foldar chroot da umarnin gogewa rm -rf bai yi umount ba, wato bai kwance aron ba, mashigan uwar kwamfutar ya share da hannunsa. Mai cewa "fayil" zai iya zaton kwafi ne. Mai cewa "mashiga" sai ya tsaya ya tambayi ina ta ɓulla.

Saura block da character, wato nau'o'in mashigai biyu. Na farko ina ganin "mashigar dunƙule" ta yi, tunda bayanai a dunƙule suke wucewa. Na biyun har yanzu "mashigar jere" nake juyawa a raina. Malamai, wanda ke da wadda ta fi, ya taimaka mana da ita.