Wace kalmar Hausa ta dace da gene editing? Ni dai "gyara" ba ta kwanta min ba

Jama'a, ina neman shawararku. Jiya ina shirya wa ɗalibaina darasi, na zo kan abin da Turawa ke kira gene editing, wato dabarar da masana ke canza abin da ɗa ke gada daga iyaye a cikin jiki, sai na rubuta "gyaran ƙwayar halitta" kamar yadda kunne ya saba ji. Da na iso kan batun birai sai alƙalamina ya cije.

A watan Janairun 2019 masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka sanar da samun birai biyar da aka kwafo daga jikin biri guda. Shi wannan birin tun yana ɗan tayi aka kashe masa ƙwayar gado mai suna BMAL1, wadda ke daidaita lokacin barci da farkawa. Biran da aka yi wa haka barcinsu ya ragu, dare ya yi suna ta zirga-zirga, ga firgita. Da gangan aka yi, don a samu dabba mai cuta irin ta mutum a yi nazari a kanta. To da wane baki zan ce wa yaro wannan gyara ne? Mu abin da ya lalace muke gyarawa, nan kuwa lafiyayye aka ɗauka aka sa wa cuta.

Ita ma "ƙwayar halitta" mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta: ita ce tantanin jiki, ita ce DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado), ita ce abin da ɗa ke gada. Na fi son "ƙwayar gado".

Wani malami ya kawo shawarar a ce "kwaskwarima" maimakon "gyara". Na gode masa ƙwarai, amma kwaskwarima a sama take tsayawa, wannan kuwa har jikoki yana iya bi.

Abin da nake gani shi ne mu ce "sauya ƙwayar gado". Sauyi bai yi alƙawarin alheri ba, bai yi na sharri ba. A ƙarƙashinsa sai a faɗi aikin da aka yi: kashewa, irin na Shanghai, ko cusawa, irin na birin nan ANDi da aka sanar a Oregon ta Amurka a 2001, wanda aka sa masa ƙwayar gadon wata halittar teku. "Gyara" mu bar ta inda lafiya ake nema, kamar maganin sikila na Casgevy da Birtaniya ta amince da shi a 2023.

Shi kansa birin fa? Kakanninmu suna da zakaran gwajin dafi, wanda ake gwada ƙarfin dafin kibiya a kansa. Daga nan na aro "birin gwajin cuta". Likitocinmu da ke nan, kun ji ta zauna daidai a bakinku?