Suzuki GS500 na 1998: wahalar tashi da safe, silo na rataye, baƙin mai na ƙaruwa

Mai GS500:

Assalamu alaikum, masana babura. Ina neman shawara kan Suzuki GS500, ƙirar 1998, ɗan Kwatano. Da safe sai an daɗe ana danna sitata da cok a ja kafin ya tashi. In ya yi zafi kuma, idan na saki totur silo yakan rataye wajen juyi 3,000 a minti, sai a hankali ya sauko, wani lokaci ya zarce ya mutu. An sa sababbin fulogi, an wanke kafireta, ba abin da ya canza. Abu na biyu, baƙin mai ya haura alamar F alhali ba a ƙara masa ba, kuma yana warin fetur. Ta ina ya kamata a fara? Bakanike yana so ya sake murɗa sukurorin kafireta.

Bakaniken manyan babura:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake tayar da injin nan sai an juye man. Baƙin mai ba ya ƙaruwa da kansa, fetur ne ya gangara cikinsa, kuma man da fetur ya tsinka ba ya riƙe biyarin na kirankishaf. Wannan ya fi matsalar silo gaggawa nesa ba kusa ba.

Fara da makunnin fetur da ke jikin firam ta hagu. Matsayi uku gare shi: ON, RES da PRI. A ON da RES ba ya sakin fetur sai injin na zuƙar iska ta wani siririn tiyo, amma PRI a buɗe yake dare da rana. Mutane da yawa kan bar shi a PRI don babur ya fi saurin tashi, to in allurar fulot, wadda ke tsayar da fetur idan kafireta ta cika, ta ɗan cinye, fetur zai cika kafireta, ya bi ta bawul ya shiga silinda, ya tsiyaya ta gefen ringi zuwa ƙasa. Mayar da shi ON, injin a kashe, ka cire tiyon da ke kai fetur kafireta. Ɗan abin da ke cikin tiyo zai zubo ya tsaya. In ya ci gaba da ɗiga, makunnin ya lalace. Sannan ka zare siririn tiyon iskar ka duba cikinsa. In ka ga danshin fetur, robar cikin makunnin ta yage, injin yana shan fetur kai tsaye ta nan.

Ko da makunnin ne mai laifi, allurai biyun ma, na kafiretocin biyu, sai an canza su tare da zoben robar mazauninsu, domin da suna rufewa sosai da fetur bai wuce ba. Tsayin fulot a kafireta Mikuni BST33 na wannan shekarar milimita 14.6 ne.

Wajen juye: lita 2.6 in ba a taɓa filta ba, 2.9 in an canza, kuma a wannan halin dole a canza. A sa baƙin mai 10W-40 na babur mai alamar JASO MA, wato wanda ya dace da kulocin da ke cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin rage goga wanda ke sa kuloci santsi, tunda kulocin nan a cikin mai yake wanka. Ana auna man babur na tsaye sak, a ɗora sandar awon ba tare da an murɗa ta ciki ba. Sai a yi hattara da notuna ukun murfin filta: ƙusoshin sirara ne, da an matsa da dogon sifana sun karye. A ɗaure su daidai gwargwado, zoben roba ne ke hana yoyo, ba ƙarfin hannu ba.

Mai GS500:

Na gode ƙwarai, Oga, Allah ya saka da alheri. Na duba, a PRI yake. To gyara wannan zai warware wahalar tashin da ratayewar silo?

Mai gyaran kan inji:

Zai rage wani abu, ɗan'uwa, amma ina zargin bawul. Wahalar tashi da sanyi tare da mutuwa a silo in ya yi zafi, alamar da aka fi sanin wannan injin da ita ke nan idan bawul ɗin salansa sun matse. Da tafiya ta yi tafiya bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, ratar da ke tsakanin kam (ƙarfen da ke danna bawul) da shim (ɗan faifan ƙarfe da ke saman bawul) tana raguwa har ta ƙare. Daga nan bawul ba ya rufewa ruf, matsin silinda ya ragu, kuma tunda ta wurin zama a mazauninsa yake sauke zafi, ƙarshensa ƙonewa. Abin haɗarin shi ne matsattsen bawul ba ya ƙara. Injin da ya yi tsit shi ne abin tsoro, ɗan ƙas-ƙas daga sama ba laifi ba ne.

Ratar milimita 0.03 zuwa 0.08 ce, na shiga da na fita duka, kuma ana aunawa injin ya huce sarai, zai fi kyau ya kwana. Littafin babur ɗin ya ce a duba duk kilomita 6,000, abin da ba kasafai ake yi wa babur na hannu ba. A cire tanki (a rufe ƙaramin makunnin da ke ƙarƙashinsa tukuna), a ɗaga murfin sama, a buɗe ƙaramin murfin gefen dama don juya injin da sifana har tsinin kam ya kau da kai daga bawul ɗin da za a auna. Bawul huɗu ne kacal. Amma sai da filageji (ma'aunin rata) mai siraran ganye har 0.03, wanda ya fara daga 0.05 ba zai gaya maka komai ba.

Ba sukuro ake murɗawa ba, shim ake canzawa, faɗinsa milimita 29.5, kaurinsa yana hawa da 0.05. Misali, ka auna ka samu 0.01, shim ɗin da ke ciki 2.70 ne: sa 2.65, rata ta koma 0.06. A na salansa gara a kusanci 0.08, tunda matsewa suke yi kullum. Lambar da ke jikin tsohon shim takan goge, don haka a auna shi da maikuromita. Kada a juya injin alhali an cire shim, kam zai ci bakin kofin da shim ke zama a ciki. Kada kuma a yarda wani ya goge shim a dutsen wasa don ya rage masa kauri, taurin samansa ne zai tafi. Akwai shim na milimita 29 na wasu baburan, da ido kamar ɗaya suke, amma yana wasa a cikin kofi, yana iya tsalle ya fita.

Mai hawa a cikin gari:

Na yarda da maganar bawul, sai dai ratayewar silo a 3,000 ba nata ba ce ita kaɗai. Yawanci iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, ko jet ɗin silo (ɗan ramin da ke ba injin fetur a silo) ya toshe rabi. Robobin da ke haɗa kafireta da kan inji sun haura shekara ashirin da biyar, suna tsagewa, zoben da ke bayansu kuma ya baje. Da injin na silo, a fesa musu ɗan maganin wanke kafireta, nesa da fulogi da salansa. In ƙarar ta canza, an kama ɓarawon. A leƙa ƙarƙashin baƙin murfin saman kowace kafireta: akwai wani ƙaramin zoben roba da ke faɗuwa a wajen wanki ba a lura ba. A ɗaga robar silaid, wadda ke ƙarƙashin wannan murfin, ga haske a ga ko ta huje.

Wankin da ake yi da fetur da buroshi ba ya buɗe jet ɗin silo. Sai an kwance shi, an jiƙa, an hura da iska har a ga haske ta ramin. Kada a zura masa waya mai kauri, ramin zai faɗaɗa. In da tsatsa a tanki ko ana shan man jarka, cikin mako guda zai sake toshewa, sai a wanke tankin da ragarsa.

Sai bayan duk wannan a daidaita kafiretocin biyu da ma'aunin zuƙa, sannan a saita silo a 1,200 injin na da zafi sosai. Wanda ya saita shi da sanyi don ya daina mutuwa, shi ne zai ga ya rataye a danja. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba fanka, saboda haka a dogon cunkoso da rana tsaka a kashe shi ya fi. Da hunturu kuma a riƙa duba iyakilina akai-akai, domin ƙura na toshe ta da wuri, fulogi ya yi baƙi, a ɗora wa kafireta laifi.

Bakaniken manyan babura:

Haka ne. Ƙari ɗaya, Malam: kafin ka danna sitata bayan juyen, cire fulogi biyun, ka kashe jan makunnin kashe inji, ka tura babur ɗin a giya ta shida a fili nesa da wuta, don fetur ɗin da ya kwanta a silinda ya fita. In fiston ya daki ruwa yana iya lanƙwasa kwanrod, sandar da ke haɗa fiston da kirankishaf. Fulogin NGK DPR8EA-9 ne, rata milimita 0.8 zuwa 0.9. In ka auna bawul ɗin ka kawo mana lambobi huɗun tare da kaurin shim ɗin kowanne, mu lissafa waɗanda za ka nema, domin sau da yawa ana iya musanya biyu a tsakaninsu a rage saye.