Tambaya kan dajin da bishiyoyinsa suka zama dutse a Girka

Malam Bello, Runjin Sambo: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Girka yana so in ziyarci tsibirin Lesbos domin in ga dajin da bishiyoyinsa suka koma duwatsu. Shin yaya itace yake zama dutse, kuma tafiyar ta cancanci wahala?

Hajiya Asabe: Wa'alaikumus salam, Malam. Kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta suka binne dajin da toka da laka, iska ta kasa shiga balle itacen ya ruɓe. Daga nan ruwa mai ɗauke da silika ya riƙa ratsa kututturan a hankali, har ma'adinin ya maye gurbin itacen, amma siffar ɓawo da zobban shekarun bishiyar ba su ɓace ba. Wasu kututturan suna nan tsaye a kan saiwoyinsu, a daidai inda suka tsiro.

Usman, Mabera: Baba, a ganina ta cancanta, amma ka fara da gidan tarihin da ke garin Sigri. Ka riƙe ruwa da malafa, domin inuwa ta yi ƙaranci a wurin.

Hajiya Asabe: Kuma doka ta hana ɗaukar ko da ɓarɓashi a matsayin tsaraba.