Wai duk cuta daga hanji take tasowa?

Hajiya Babba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga magana na kawo. Masu tsarin likitancin nan na bin tushen cuta, wanda ake kira "functional medicine" a Turance, suna cewa yawancin abin da ke damun mutum, kasala, ƙuraje, ciwon gaɓɓai har da damuwa, daga hanji yake tasowa. Wai bangon hanji ne ke yoyo, datti yana shiga jini. Maganinsa a bar wasu nau'o'in abinci, a riƙa shan kafson furobayotik, mai ɗauke da bakteriya masu rai, da ƙwayoyin ƙarin sinadari kullum. Ni dai na gamsu, har na fara. Mai ja ya ja.

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. Na ja, Hajiya. Duk wanda ya ce miki cuta ɗari tushensu ɗaya, ki dubi ɗaya hannun nasa, za ki ga kwalba.

Auta: Haba Malam, ai ba 'yan talla ba ne duka. Jeffrey Bland ya kafa cibiyar wannan tsari a Amurka tun 1991, a 2014 kuma asibitin Cleveland Clinic ya buɗe wa tsarin sashe guda. Ƙwayoyin hanjin ma ba tatsuniya ba ce. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce bakteriya kusan tiriliyan 38 ke jikin mutum, mafi yawansu a babban hanji, har sun ɗara ƙwayoyin halittar jikinsa kaɗan.

Dakta: Auta, alƙalumanka daidai ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bakteriyar nan suna aiki sosai. Su ke narkar da harzar abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, su fitar da wani sinadari da bangon babban hanji ke rayuwa a kansa. Yoyon hanji ma akwai shi, ana ganinsa a masu cutar siliyak, waɗanda jikinsu ba ya jure sinadarin gulutin na alkama, da masu cutar Crohn mai kumbura hanji. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa yoyon ne ke haddasa kasala da ciwon gwiwa ga mai lafiyayyen hanji, ko kuma cewa kafso yana toshe shi. Daga "ƙwayoyin hanji suna da muhimmanci" zuwa "kowa ya sayi kwalba" akwai tafiya mai nisa, mutanen nan kuma tsalle ɗaya suke yi.

Hajiya Babba: To Dakta, ni da na ji a jikina fa? Kumburin ciki ya ragu, bahaya ya daidaita, da safe ina tashi garau.

Dakta: Alhamdulillah. Ban da kafson, me kika canja, Hajiya?

Hajiya Babba: Na bar lemon kwalba da kayan zaƙi, na ƙara wake da ganye, na daina cin abinci cikin dare, ina kwanciya da wuri.

Malam Ƙarami: Kin canja abu biyar, sai kika ba wa wanda kika fitar wa kuɗi lambar yabo.

Auta: Malam ka yi a hankali da dariyar nan. Haka aka yi wa Barry Marshall, likita ɗan Ostireliya, da ya ce bakteriya ke jawo gyambon ciki, lokacin da likitoci suka dage cewa damuwa ce da yaji. Sai da ya kurɓi ƙwayar cutar da kansa a 1984. A 2005 shi da Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel.

Dakta: Misali mai kyau, sai dai nawa ne ba naka ba. Marshall bai buɗe shagon kafso ba, hujja ya kawo, aka gwada, aka gani, duniya ta bi shi. Irin haka aka yi da dashen bahaya, wato zuba bakteriyar bahayan mai lafiya a hanjin majiyyaci. A 2013 aka wallafa gwajin da aka yi a Amsterdam kan masu zawon da bakteriyar difisil ke jawowa, mai tafiya yana dawowa. An zuba musu ƙwayoyin hanjin mai lafiya, 15 cikin 16 suka warke, waɗanda aka bari da maganin da aka saba kuwa ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba. Yau magani ne da hukumomi suka amince da shi, ga cuta guda takamaimai. Kafson furobayotik kuwa da aka gwada shi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila a 2018 kan mutanen da suka gama shan antibayotik, sai ya jinkirta dawowar bakteriyarsu ta asali har tsawon watanni, waɗanda ba su sha komai ba suka riga su farfaɗowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙaramin bincike ne, ban ce shi ne ƙarshen magana ba, amma a 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce ba ta ga hujjar ba da shi ga yawancin cututtukan hanji ba, sai a 'yan wurare kamar bakwaini.

Anti Nas: Dakta, laifi tudu ne. Ka tambayi kanka me ke kai mutane wurin masu wannan tsari. Mace ta zo da kumburin ciki na shekaru, mu kalle ta minti biyar, mu ce gwaji bai nuna komai ba, ta je gida. Can kuwa a zaunar da ita awa guda, a tambaye ta barcinta, abincinta, abin da ke hana ta sukuni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dakta: Ban musa ba, Anti, a nan sun fi mu. Abin da ke biyo bayan awa gudan ne ke damuna. Wata baiwar Allah ta zo mini da takardar gwajin jini na "abincin da bai karɓe ta ba", layi-layi ja: ƙwai, madara, wake, tumatur, alkama. Ta bar su duka. Tana magana tana mayar da zoben da ke zamewa daga yatsarta saboda rama, ƙasan idonta fari fat. Gwajin nan yana auna wani sinadarin garkuwar jiki ne da ke nuna abin da mutum ya saba ci, shi ya sa ƙungiyoyin likitocin borin jini a Turai da Amurka suka ce kada a dogara da shi. Ita kuwa jini ne ke zuba mata a hanji, ba a bincika ba.

Hajiya Babba: Subhanallah. Wato ƙwayoyin ƙarin sinadari duk aikin banza ne?

Dakta: A'a. Folik asid ga mai shirin ɗaukar ciki, sinadarin ƙarfe ga wanda gwaji ya nuna ya gaza, bitamin B12 ga wanda ya daɗe kan metfomin, maganin ciwon sukari, ko ba ya cin nama da madara, zinki tare da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, duk waɗannan suna da hujja. An san abin da ya gaza, an san wa ake ba wa. Amma ki sani, a Amurka, inda da yawa daga kwalaben nan ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna kayansa suna aiki kafin ya sayar ba. Kuma ba duka ne marasa illa ba. A gwajin Finland na 1994, masu shan taba da aka ba wa beta-karotin, sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Auta: Duk da haka akwai binciken Jami'ar Stanford na 2021. Waɗanda suka ci abinci mai tsami irin su yogot na mako 10, nau'o'in bakteriyarsu sun ƙaru, alamun kumburi a jini suka ragu.

Malam Ƙarami: Abinci ka ce, Auta. Ban ji ka ce kafso ba.

Auta: Mutum 36 ne kawai a binciken, don haka ni ma ban ɗaga murya ba. Amma ina nan kan cewa nan da shekara ashirin za a gane mutanen nan sun hango wani abu.

Hajiya Babba: Ku ci gaba da musunku. Kwalbar da ke hannuna dai sai na shanye ta, tunda na riga na saya.

Dakta: Kafin nan ki turo mini hoton bayanta, Hajiya, inda aka jera abin da ke ciki. Wasu suna haɗawa da tatacciyar kurkur ko koren shayi mai ƙarfi, an kuma samu waɗanda hantarsu ta taɓu da su. Ki haɗa mini da sunayen sauran magungunan da kike sha.