Baƙin man da muke zubarwa a gareji, ina za mu kai shi?

Bakanike_KofarRuwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin gareji da yara masu koyon aiki, kullum sai mun canza wa motoci mai, kuma gaskiya yawancinmu a kwata muke juye baƙin man ko a bayan shago, ƙasar wajen ta zama baƙa ƙirin ko ciyawa ba ta fitowa. Yanzu maƙwabta sun fara ƙorafi wai ruwan rijiyarsu yana warin mai. Abin ya dame ni wallahi. Waɗanda suka daɗe a sana'ar ya kuke yi da shi?

Oga_Sabongari:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ai kuɗi kake zubarwa. Samu durom mai murfi ka ajiye a inuwa, ka sa yara su riƙa tara mai a roba su juye ciki, masu buga bulo suna saya su shafa wa mold ɗinsu, kafintoci ma na shafa wa katakon rufi saboda gara. Matsalar dai mu masu gareji ba ma ɗaukar abin a bakin komai sai ranar da duba-gari suka zo, ka biya tara sati ɗaya an koma gidan jiya.

Ummu_Khairat:
Malam Allah ya saka da alheri da ka damu ma. Mu da muke zaune kusa da gareji mun san abin, da damina ta sauka sai ka ga mai yana yawo saman ruwan kwata kala-kala, yara kuma a nan suke wasa babu takalmi.

Ma'aikacin_Lafiya:
Ni abin da ya fi tsorata ni ma tsohon batir ne, ba man ba. Ana fasa shi a gareji a zubar da ruwan acid ɗin a ƙasa a cire dalmar a sayar wa 'yan gwangwan, ƙurar dalmar nan kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ku tuna Zamfara a 2010, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka. Don Allah Bakanike kar ka bari yaranka su fasa batir, a sayar da shi a rufe yadda yake, kuma su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

Bakanike_KofarRuwa:
Na gode sosai. Gobe in sha Allah zan nemo durom, zan kuma kai maganar batir ɗin wajen shugaban ƙungiyarmu don ba ni kaɗai ke fasawa a layin ba.